LABARIN NESA: Ranar Buɗe Ruwa a Garin Elmina

Labarin wannan wata daga bakin teku ya fito. Wani mutumin Bune ne ya je can hutu, ya ga wani biki, ya dawo da labarinsa.

Mutumin malamin lakwal ne, yara suna ce masa Mushe. Kun san malaman lakwal suna samun babban hutu in damana ta faɗi. To, a ƙarshen watan Yuni na 2024, da aka rufe makaranta, sai ya ɗaura niyyar zuwa ƙasar Gana. Mutane suka yi ta magana. Wa ke tafiya yawo ana jiran ruwan shuka? Gaskiyarsu ce kuwa. Amma shi ma yana da dalili. Kawunsa yana can, tsufa ya kama shi, kullum yana kira ta salula yana so ya ga wani na gida. Kawun ya bar Bune tun yunwar 1984, bayan shanunsa sun ƙare. Shekara 40 ke nan bai taka ƙasar Gure ba. Mushe ya bar wa ƙannensa iri da kuɗin ƙwadago, ya ce zumunta a ƙafa take, ya kama hanya.

Ta Najeriya ya bi. Kano, Ikko, Kwatano, Lome, sannan Akra babban birnin Gana, wanda Hausawan can suke ce wa Ankara. Iyaka 4 ya ƙetare, a kowace sai an sauka an nuna takarda. Daga Akra ya ƙara tafiyar wajen kilomita 150 yamma, har garin Elmina. Masu garin Edina suke ce masa, harshen Fanti suke yi. A nan Kawu yake zaune, a zango, yana sana'ar tsire.

Wanda bai taɓa ganin teku ba, ga kamarta. Ruwa ne wanda ido ba ya kai ƙarshensa, sai dai ka ga ya haɗe da sama. Gishiri gare shi, ko raƙumi ba ya shansa. Ba ya kwanciya kamar tafki. Dare da rana yana tasowa tudu-tudu, kamar jigawa ta yi ƙafa, ya zo ya bugi gaɓa ya koma. Ƙararsa kamar cida daga nesa. Daren farko Mushe ya farka sau 2, yana tsammani hadari ne ya taso.

A Elmina akwai wani ruwa da ya kutso daga teku ya shigo cikin gari, ya yi kamar dogon tafki. Sunansa Benya. In teku ta cika sai ta turo masa ruwa, in ta janye sai ya ragu. A bakinsa masunta suke ɗaure kwale-kwalensu. A gefensa kuma ana yin gishiri. Ba dafawa ake yi ba kamar mangul ɗin ƙasar Manga. Ruwan ake tarewa a fage, rana ta shanye shi, a zo a kwashe gishiri fari fat.

Wannan Benya shi ne dalilin bikin. Kowace shekara, mako 6 kafin ranar, sarkin gari da dattawa sukan rufe shi. Ba mai jefa raga a ciki. Ba a kiɗa a gari, ba a hayaniya mai yawa. Ko taron mutuwa, wanda mutanen can suke yi da ganga da jama'a dubu, sai a ɗage shi. Masu garin suna cewa don girmama abin bautarsu ne na cikin ruwan, wanda suke kira Nana Benya. Amma kowane masunci ya san wani amfanin kuma: kifi yana samun sarari ya hayayyafa, ƴaƴan su girma.

Ranar buɗewa ita ce Talatar farko ta watan Yuli. Sunan bikin Bakatuwe, wato buɗe ruwa. Don me Talata? Don dama can masuntan wannan gaɓa ba sa shiga teku ran Talata. Ranar hutunsu ce, ranar gyaran raga.

Mushe ya sauka ran Lahadi. Kawu ya dube shi ya dube shi, ya ce kamar mahaifiyarsa ta yi kaki ta tofar. Da aka gama gaisuwa da tambayar waɗanda suka rasu, sai ya ce, "Ɗana, ka zo a kan gaɓa. Jibi za a buɗe ruwa. Za ka ga abin da za ka ba jikokinka labari."

Ran Talata bayan azahar suka fita. Hanya ta cika maƙil. Suka sami wuri kusa da gadar da ta ratsa bakin Benya, suka tsaya. Can sai ga jerin gwano ya taso. A garin akwai ƙungiyoyi 10 da ake kira Asafo. A zamanin da su ne mayaƙan gari. Yanzu aikin gayya da tsaron al'ada suke yi. Wanda ya san samariya ta zamanin Kunce zai gane su, sai dai su sun girme ta nesa ba kusa ba. Kowace ƙungiya da tutarta da gangunanta. Bayansu sarakuna, ana ɗauke da su a ka cikin wani abu kamar ƙaramin jirgi, ana juya musu manyan laima. Sarkin gari, wanda suke ce wa Omanhen, fararen kaya ya sa, da hular kaba a kansa. Ba doki ko ɗaya. Mushe ya yi mamaki, sarki guda ba doki! Kawu ya ce doki ba ya daɗewa a kurmi, ƙudan tsando ke kashe shi.

A cikin ruwa kuma wani kallon ne. Kwale-kwalen can ba ƙanana ba ne. Daga gungumen itace guda ake sassaƙa gindin, a ƙara katako a gefe, a yi masa fenti ja da rawaya da shuɗi, a kafa tutoci. Wani yakan ɗauki mutum 20 da ragarsu. Ranar, mata ne suka cika wasu daga ciki. Sun ɗaura zanen saƙi mai launi-launi da ake kira kente. Sun yi wani kitso mai tsayi da ado kamar zinariya, sunansa tekuwa. Suna waƙa suna kaɗa ƙyalle. Samari kuma suna tseren jirage, kowace unguwa tana kuwwa tana zuga nata.

Da aka isa bakin ruwa, masu tsafin garin suka matso. Suka zuba doya da aka kirɓa da manja, da ƙwai, a cikin Benya. Kawu ya ja hannun Mushe baya kaɗan, ya ce, "Wannan nasu ne. Mu ƴan zango kallo ya kawo mu." Suka ratse suka yi la'asar, suka dawo.

Sai aka zo ga abin da kowa yake jira. Aka ɗauko raga irin wadda ake cillawa ta buɗe kamar faifai, wadda masunta suke kira birgi. Duk yawan taron nan, aka yi tsit. Aka jefa sau ɗaya, aka jawo. Aka sake, aka jawo. Aka jefa na uku. Mutane suna ɗaga wuya su ga abin da ta kamo, don a wurinsu in ta fito da kifi shekara za ta yi albarka. Kifin farko na sarki ne. Aka buga bindiga, daram! An buɗe ruwa ke nan. Gari ya ɗauki guɗa da ihu. Gangunan da suka yi mako 6 a rataye suka tashi gaba ɗaya.

Rana ta faɗi. A bakin teku watan Yuli ba shi da zafi. Gajimare ne da iska mai sanyi mai ɗanɗanon gishiri. Fitilu suka kama. Kawu ya ce to, kallo ya ƙare, sai neman abinci. Suka je inda tukubarsa take a gefen hanya. Yaronsa ya riga ya hura wuta. Mushe ya naɗe hannun riga ya kama fifita. Malamin lakwal guda yana fifita garwashi, da ƴan ajinsa sun gani da an sha dariya.

Daga tukubar ana ganin komai. Ga ƴan busa da ƙahonin ƙarfe irin na soja, suna tafe ana binsu da rawa, tsofaffi da yara. Ga manyan lasifika a ƙofar kowane kanti. Ga ƴan garin da suke aiki a Akra da Kumasi, har da na ƙasar Turai, sun dawo gida saboda wannan rana, suna rungumar juna a tsakiyar titi. Mata sun jera da faranti. Abincin masu garin shi ne dokunu, wato ƙullun masara mai tsami da ake naɗewa a ganye a dafa, a ci da soyayyen kifi da barkono. Mushe ya ci. Ya ce lomar farko sai a hankali, ta uku kuwa sai ka nemi ƙari.

Abin da ya fi ba shi mamaki shi ne jin Hausa a bakin waɗanda ba sa jin Hausa. Su zo wurin Kawu su ce a ba su cicinga, wato tsire. Kunun da suke sha da safe, Hausa koko suke ce masa, da kose, wato ƙosai. Shinkafa da wake kuma wace suke cewa, daga kalmar wake. Ba yau Hausawa suka san wannan ƙasa ba. Fataken goro sun daɗe suna zuwa Gwanja da kasuwar Salaga. Sannan da Turawan Ingila suka karɓi Elmina a 1872, sun kawo sojoji Hausawa daga Ikko.

Daga wa suka karɓa? Ga amsar can a bakin Benya, an haska ta da lantarki. Wani ƙaton gini ne fari mai kaurin bango. Turawan Fotugal suka gina shi a 1482, don cinikin zinariya. Turawan Holanda suka ƙwace shi a 1637, sannan na Ingila. A ɗakunan ƙasa na wannan gini aka riƙa tsare bayi, maza daban mata daban, kafin a fitar da su ta wata ƴar ƙofa a zuba su a jirgi zuwa Amurka. Cikinsu har da waɗanda aka kamo daga arewa. A 1896 kuma a ciki Ingila ta tsare Firempe, sarkin Asante. Yanzu wurin ziyara ne. Washegari Mushe ya shiga ɗakunan, ya fito bai iya cin abincin rana ba.

To, a daren bikin, wajen bayan isha, wani tsohon masunci ya zo tukuba. Abokin Kawu ne na shekaru. Aka ba shi benci, Kawu yana tafinta. Mushe ya yi masa barka, ya ce gobe ke nan sai shiga teku, tun da an buɗe ruwa. Tsohon ya yi dariyar da ba ta daɗi ba. Ya nuna jiragen da suka cika Benya, gefe da gefe, har ba a ganin ruwa. Ya ce yau an buɗe ƙaramin ruwa, amma tun jiya gwamnati ta rufe babban.

Ga yadda abin yake. Arzikin masuntan Gana shi ne ƙananan kifayen nan masu yawo garke-garke, irin na gwangwanin sardin. Daga Yuli zuwa Satumba ruwan teku yakan yi sanyi, kifin ya taso kusa da gaɓa. Lokacin ne kakar masunta. Amma kifin ya ja baya ƙwarai. Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Kwale-kwale sun yi yawa, sun haura 10,000 a gaɓar ƙasar. Wasu suna sa raga mai ƙananan ido, wadda ba ta barin ko ɗan tsako. Wasu suna kunna fitila mai ƙarfi da dare, kifi ya taru a kwashe. Ga kuma manyan jiragen ƙarfe masu jan taru. Sun riƙa kama har ƙaramin kifin da ba a ba su izini ba, su daskarar da shi kamar bulo, su sayar wa wasu masu kwale-kwale a tsakiyar teku. Sunan cinikin saiko. Doka ta hana shi, amma an yi shekaru ana yi, Elmina kuwa ita ce babbar tashar sauke shi.

Shi ya sa gwamnati ta kawo dokar rufe teku. A 2018 ta so ta rufe har wa masu kwale-kwale, masunta suka ƙi, aka ɗage. A 2019 aka rufe wa masu kwale-kwale daga 15 ga Mayu zuwa 15 ga Yuni. Daga 2021 zuwa 2024 sai aka mai da shi watan Yuli: wata 1 ga kwale-kwale, wata 2 ga manyan jirage. A 2025 aka ɗage wa masu kwale-kwale, aka bar ta a kan manyan.

Mushe ya tambayi tsohon, tun da sun saba rufe Benya tun kaka da kakanni, me ya sa dokar gwamnati take yi musu nauyi? Tsohon ya ce ba ɗaya ba ne. Dokar Benya kowa ya san ranar kamawarta, ya san ranar ƙarewarta, tun yana yaro. Ta hau kan sarki, ta hau kan talaka. Ruwan yana tsakiyar gari, wanda ya saci jefa raga maƙwabcinsa zai gan shi. In an rufe Benya kuma teku tana buɗe, ba a kwana da yunwa. Ranar buɗewa kowa yana wurin, da idonsa ya ga an jefa raga. Ita kuwa teku faɗi gare ta. Kai kana gida ka ɗaure jirgi, ba ka san wanda yake can cikin dare yana kwasa ba. Ana raba shinkafa da mai, amma ba sa kai gida ƙarshen wata. Ya ce shi bai ƙi a hutar da teku ba, don ya ga yadda kifi ya ƙare a idonsa. Abin da ya ƙi shi ne ya yi haƙuri wani ya ci ladan haƙurinsa.

Nan fa Mushe ya bar fifita. Maganar ta kai shi gida. Ashe ƙasar Gure ma tana da ruwan da ake rufewa a buɗe, sai dai ba ruwa ba ne, gona ce.

Kun san zancen. Daga shuka har girbi, gona a rufe take ga dabba. In an kai amfani gida sai a saki gonaki, dabbobi su shiga su ci kara da harawa, su bar taki. Dokar kiwo ta ranar 20 ga Mayu 2010 ta ce gwamnan jiha ne yake sa ranar, bayan an ji ta bakin hukumomin kula da ƙasa da wakilan manoma da na makiyaya. Dokar ba ta da laifi. Amma ku duba yadda ranar take zuwa. A rediyo ake faɗi. Wani ya ji, wani yana daji bai ji ba. Wani ya ji ya yi kamar bai ji ba. Makiyayi ya ga tabkunan arewa sun ƙafe, ya gangaro da wuri, ya tura dabbobi da dare cikin waken mutane. Manomi shi kuma ya bar dammansa a gona har ranar ta wuce, sannan ya zo yana kuka. Wani manomin ya share gonar tas, kara da harawa duk ya ɗaure ya kai kasuwa, ranar saki dabba ta shiga ta tarar da ƙasa tsirara. Wani ya nome burtali. Daga nan sai sanda, sai takobi, sai jandarma, sai asibiti. Kowane ɓangare yana faɗin abin da tsohon masuncin nan ya faɗi: na yi haƙuri, wani ya ci.

Dattawa suna tunawa da lokacin da ba haka abin yake ba. Bafillace yakan sauka a gonar da ya saba sauka, ya kwana 10 ko 20, shanu su taka ta su ba ta taki. Mai gona ya auna masa hatsi, matar rugga ta kawo nono. Sun san juna da suna. Yanzu mutane sun ƙaru, gonaki sun ci daji, rairayi yana cin kwari, kara ya zama kuɗi. Ba mai iya mai da jiya yau. Amma abu ɗaya na mutanen Elmina ba ya bukatar kuɗi: ranar buɗewa suna taruwa wuri ɗaya, manya a gaba, kowa shaida ne. Ba mai cewa bai ji ba. Wanda ya karya doka kuma ya san fuskokin da zai haɗu da su.

Haka yake ga tuddan rairayin da ake kafewa da shinge a ƙasar Gure don kada su binne kwari. In an hana dabba da gatari shiga shekara 2 ko 3, ciyawa takan dawo, itatuwa su kama. In mutum ɗaya ya ɓalle shinge da dare ya ɗebi kirare, aikin mutum ɗari ya tafi.

Sai wajen ƙarfe 1 na dare nama ya ƙare. Kawu ya ƙirga sidinsa, ya ce cinikin daren ya fi na mako guda. Ana ta kiɗa har yanzu. Suna tafiya zango sai ya tambayi Mushe labarin wani kwari da yake shayar da shanunsa a da, mai dabino da goriba. Mushe ya so ya ɓoye, ya ga bai kamata ba. Ya ce, "Kawu, yana nan, amma rairayi ya cinye rabinsa. Rijiyar gabas ta binne." Kawu bai ce komai ba har suka isa gida. A bakin ƙofa ya ce, "In ka koma, ka gai da ardon wurin. In shi ba ya raye, ka gai da ƴaƴansa. Ubansu ya taɓa ba ni saniyar tatsa."

Mushe ya yi mako 3 ya dawo, ya tarar gero ya kai gwiwa. Ya isar da gaisuwar. Ya kuma je wurin maigari da shawara: in ranar sakin gonaki ta fito, kada a bar wa rediyo kaɗai. A sa sanƙira ya faɗa ranar kasuwa, maigari da ardo da sarkin noma suna tsaye tare, a gaban kowa. Maigari ya ce magana ce, bari kaka ta matso ya nemi ardo su zauna.

Tsarabar da ya kawo ba ta da yawa: zanen kente ɗaya na uwargida, ƙullin gishirin Benya, da kwalba guda cike da ruwan teku. Da dare a wurin hira aka yi ta miƙa kwalbar hannu zuwa hannu. Wani tsoho ya kurɓa, ya tofar, ya ce ruwan kanwar kwarinsu ya fi wannan daɗi.